Akwatin Wifi Ƙofa Ne, Sai an Sa Masa Mai Gadi

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakin masu sayar da tikitin wifi: "Mu da ke Sukukutane, wa zai ɓata lokacinsa a kanmu?" Tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, matasa da yawa sun kafa faranti, sun haɗa rawuta, suna sayar da rezo a bakin kasuwa. Sana'a ce mai kyau. Sakacin da ke cikinta ne ba shi da kyau.

Aikin rawuta shi ne nuna wa saƙo hanya tsakanin salularka da intanet, kamar zauren gida. Katangar tsaro kuwa ita ce dattijon da ke zaune a zauren, yana tambayar mai shiga wa ya kira shi. Sau da yawa duk suna cikin akwati guda, shi ya sa ake zaton da an kunna shike nan.

To, ɓarawon intanet ba ya zama ya zaɓi gari. Manhaja yake saki, ta bi adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana, tana taɓa kowace ƙofa. Ba ta san Yamai ba, ba ta san Dogon Dutse ko Tibiri ba. A 2016 wata manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan rawutoci da kyamarori ta hanyar lambobin sirri kusan 60 kacal, waɗanda kamfanoni ke sa wa kaya daga masana'anta, masu su ba su canja ba. Da irin wannan runduna ta na'urorin da aka kame wani Baturen Ingila, Daniel Kaye, ya durƙusar da rezon kamfanin Lonestar a Laberiya, aka ɗaure shi a 2019. A 2018 kuma aka shiga rawutocin MikroTik fiye da 200,000, akasari a Barazil, bayan kamfanin ya riga ya fitar da gyara tun watan Afrilu. Irin MikroTik ɗin nan ne masu wifi ke so. Ba kuɗinka kaɗai ake nema ba. Akwatin naka ake so a yi ta'asa da shi, kai kana biyan kuɗin wata.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mai gyaran da zai goge dokokin katanga don rezo ya ƙi tafiya, ya karɓi jikkarsa ya hau babur.

Lambar sirri biyu ce: ta shiga wifi, da ta shiga cikin akwatin kansa. Ta biyun ake mantawa, ita ce kuma babba. A canja ta ranar farko. A rufe hanyar sarrafa akwati daga waje. A sabunta manhajarsa duk lokacin da gyara ya fito. A kashe WPS, a sa WPA2 ko WPA3. A raba rezon masu tikiti da na mai gida, balle a ofishin magajin gari ko gidan likita, inda kwamfuta ke ɗauke da sunayen jama'a. Baƙon da ya sayi awa guda bai kamata ya ga komai ba sai intanet. Kuma katanga ba ta hana abin da kai ka danna ka jawo daga WhatsApp.

Ɗan'uwa mai wifi, kira wanda ya haɗa maka akwatin yau, ya nuna maka dokokin katangar da idonka, sannan ka canja lambar da ya sani.