Tsoro da Dariya a Zaure Ɗaya: Yadda 'Yan Kallo Suka Karɓi Fim ɗin Monster House

A ranar 21 ga watan Yuli 2006 aka fara nuna wani fim na zane mai motsi a gidajen sinima na Amurka, mai suna Monster House, watau gidan da ya rikiɗe ya zama dodo. Gil Kenan ne ya ba da umarninsa, a ƙarƙashin inuwar Robert Zemeckis da Steven Spielberg. An yi shi ne domin yara, aka kuma gina shi bisa abubuwa biyu da ba kasafai sukan sha inuwa ɗaya ba: ban tsoro da ban dariya. Masu sharhi sun yaba masa, har ya shiga cikin fina-finai 3 da suka yi takarar lambar Oscar ta zane mai motsi a 2007, ko da yake Happy Feet ne ya ɗauke ta. Amma da yawa daga cikin masu yabon sun haɗa da jan kunnen iyaye, cewa abin ya fi ƙarfin ƙananan yara. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin da ya sa fim ɗaya ya ba wasu dariya, ya hana wasu barci.

Labarin a taƙaice shi ne: wani yaro mai suna DJ yana zaune daura da gidan wani tsoho mai faɗan tsiya, Nebbercracker, wanda duk abin wasan da ya faɗa farfajiyarsa ya tafi ke nan. Ana jajiberin Halowin, bikin da akan yi ran 31 ga Oktoba, inda yara kan yi shigar ban tsoro su bi gida-gida suna karɓar alewa, kusan yadda yaran Hausawa kan yi tashe, sai tsohon ya yanke jiki ya faɗi yana cikin yi wa DJ faɗa, aka ɗauke shi a motar asibiti. Yaro ya ɗauka shi ya kashe shi. Daga nan gidan ya farka: tagogi suka zama idanu, ƙofa ta zama baki, shimfiɗar zaure ta zama harshe mai lanƙwame duk wanda ya matso, har da 'yan sanda biyu. Can gaba DJ da abokansa, Chowder da Jenny, suka gano asirin. Matar tsohon, Constance, mace ce mai ƙiba ƙwarai wadda a dā ake baje kolinta a gidan wasa mutane na biyan kuɗi suna yi mata dariya. Shi ya fitar da ita ya aure ta. Suna cikin ginin gidansu yara suka tsokane ta da jifa, ta faɗa ramin ginin, siminti ya rufe ta, kurwarta ta shige gidan. Ashe faɗan tsohon na shekara da shekaru dabara ce ta nisantar da yara daga halaka.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne cewa kalmar "yara" tana ɓoye bambanci mai girma. Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin, wadda ta daɗe tana nazarin firgitar yara a gaban talabijin, ta nuna cewa ɗan shekara 3 zuwa 6 ko 7 kamannin abu ne ke razana shi, ko da abin ba shi da mugun nufi, ko da kuma ba zai taɓa yiwuwa ba. A wani bincike da suka yi da Glenn Sparks a kan shirin The Incredible Hulk, sun ga ƙananan yara sun fi tsorata bayan jarumin ya rikiɗe ya zama ƙaton kore, alhali manyan yara a lokacin ne hankalinsu ke kwanciya, domin sun gane cewa mai ceto ne ya iso. Shi kuwa ɗan shekara 9 zuwa 12, abin da zai iya faruwa da gaske ne ke tayar masa da hankali: mutuwa, rauni, rabuwa da iyaye.

In aka ɗora Monster House bisa wannan ma'auni, za a ga ya taɓa kowane rukuni a inda yake masa ciwo. Ƙaramin yaro ya ga gida, wurin da ya sani na tsira ne, ya yage baki ya fito da haƙoran katako, a ƙarshe ma ya tuge daga harsashinsa ya bi yara a guje. Babban yaro kuma, wanda ya wuce tsoron haƙoran katako, an ajiye masa nasa: tsoho ya faɗi a kansa, iyaye sun yi tafiya sun bar shi da mai reno marar kula, ya faɗi gaskiya babu babban da ya yarda. Wannan na ƙarshen, a ga alama, ya fi dodon kansa nauyi.

To, ina amfanin dariyar? Dolf Zillmann, masanin halayyar 'yan kallo, ya yi bayanin cewa tashin jini da tsoro ke haddasawa ba ya sauka nan take. Yakan saura a jiki ya ƙara wa jin da ya biyo baya ƙarfi. Saboda haka barkwancin da ya zo bayan razana yakan fi ba da dariya, murnar kuɓuta kuma takan ninka. Wannan shi ne jarin irin waɗannan fina-finai. Sai dai akwai sharaɗi, watau mai kallo ya fahimci barkwancin. Alal misali, sa'ad da yaran uku suka shiga cikin gidan, Jenny ta nuna fitilar da ke reto a zaure ta ce belin gidan ne. Chowder ya rikita sunan beli a Turanci da sunan wata gaɓa ta mata, ya yanke hukuncin cewa gidan mace ne. Babba zai fashe da dariya, ɗan shekara 12 zai yi murmushin wanda ya fara sanin duniya, ɗan shekara 5 kuwa babu abin da ya ji, yana nan cikin bakin dodo. An raba tsoro ga kowa, dariyar da za ta sanyaya shi kuma ba ta kai ga na ƙasa ba. Nan ne ainihin rabuwar 'yan kallon.

Kwatanta shi da Scooby-Doo zai ƙara fito da batun. Shirin ya fara ne a tashar CBS a watan Satumba 1969, a daidai lokacin da ƙungiyoyin iyaye a Amurka ke kukan yawan faɗa da duka a shirye-shiryen yara. Tsarinsa bai cika sauyawa ba: fatalwa ta bayyana, a yi ta guje-guje, a ƙarshe a cire mata abin rufe fuska a ga mutum ne mai kwaɗayin dukiya. Matsoracin karen nan da abokinsa Shaggy sun ɗauke wa yaro nauyin tsoro, domin sun fi shi rawar jiki, har an sanya sautin dariyar jama'a a cikin shirin don a sanar da shi cewa wasa ake yi. Yaron da ya kalli kashi uku ya riga ya san ƙarshen na huɗu. Monster House bai ba da wannan lamuni ba. Fatalwarsa ta gaske ce, kuma wadda aka zalunta ce. Da aka tarwatsa gidan da nakiya, abin da ya biyo baya tsoho ne yana ban kwana da matarsa. Wannan ya ɗaukaka darajar fim ɗin a idon manya, ya kuma ɗora wa yaro tausayin abin da yake tsoro, kaya biyu a kai ɗaya.

Hukumar tantance fina-finai ta Amurka ta ba shi alamar PG, ma'ana iyaye su sa ido. Alamar tana da faɗi ainun, ta haɗa fina-finai masu sanyi da masu zafi. Abin lura, ƙorafin iyaye a kan Gremlins da Indiana Jones and the Temple of Doom, waɗanda duka akwai hannun Spielberg a ciki, shi ya haifar da alamar PG-13 a 1984. Ga shi kuma iyaye da yawa sun ɗauka duk abin da aka zana na yara ne, ba sa tambaya.

Ɗaya daga cikin marubutan fim ɗin, Dan Harmon, ya taɓa rubuta wa wata yarinya 'yar shekara 7 wasiƙa bayan ya ji fim ɗin ya firgita ta, wasiƙar kuma ta bazu. Bai kare aikin ba. Ya nuna cewa abin da ya fito ba duka ne yadda ya so ba, ya kuma bayyana ra'ayinsa cewa labari mai kyau, ko da ya tsorata mutum yana cikin kallo, kamata ya yi ya bar shi da ƙarancin tsoro bayan an gama. Maganar ba ƙarama ba ce, domin a binciken Kristen Harrison da Cantor na 1999 a kan ɗaliban jami'a, kimanin kashi 90 cikin 100 sun tuna wani fim ko shiri da ya razana su, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma sun ce har lokacin da sauran abin a ransu. Cantor ta kuma gano cewa gaya wa ƙaramin yaro "ba gaskiya ba ne" bai cika yi masa magani ba; rungumarsa, ko ba shi abin da zai riƙe, ya fi. Bayani sai ga wanda ya ɗan tasa.

Mai nazarin adabin baka zai tuna cewa dodo mai haɗiye mutane ba baƙo ba ne a tatsuniyoyin Hausa, akwai ma waɗanda a ƙarshe akan farke cikinsa waɗanda ya haɗiye su fito da ransu. Bambancin yana ga mai ba da labari. Tsohuwar da ke tatsuniya tana duban fuskar jikokinta. In ta ga ƙaramin ya maƙale mata sai ta sassauta murya, ta gaggauta kawo abin dariya, kuma ba ta tashi sai ta kai ƙurunƙus. Majigi ba ya ganin fuskar kowa. Shi ma Monster House ya mayar da waɗanda gidan ya haɗiye, 'yan sandan da kare da saurayin mai reno, suna fitowa daga ramin ginin da ransu, amma sai a can ƙarshe, sa'ad da sunayen ma'aikata ke wucewa. Yaron da kuka ya sa aka fitar da shi a tsakiyar fim bai ga wannan ba. A saninsa gidan yana nan tsaye, da mutane a cikinsa.