Halittar da ke Rayuwa cikin Tafasasshiyar Laka

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rufe dafaffiyar kalwa a bar ta kwana biyu ko uku har ta zama daddawa, to ya ga aikin da za mu tattauna a kansa yau, domin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke fitar da sinadarin da masana ke kira enzayim, shi ne yake narka ƙwayar ya ba ta wannan ƙamshi. Dangin waɗannan halittu suna nan maƙil cikin lakar bakin teku, masu bincike kuwa suna ɗibar lakar suna tacewa, saboda masana'antun garin sabulu da na jima da na abinci suna buƙatar enzayim wanda gishiri da zafi ba sa karya shi.

Amma labarin da ya fi ɗaukar hankalina ya faru ne a Bulkano, wani ɗan tsibiri a arewacin Sisili ta ƙasar Italiya, inda zafin dutse mai aman wuta yake ratsa yashin gaɓa har ruwa ya riƙa ɓulɓula. A nan ne wani shehin malami Bajamushe, Karl Stetter, tare da abokin aikinsa Gerhard Fiala, suka ɗebi laka, suka kuma bayyana wa duniya a shekarar 1986 cewa sun sami wata halitta wadda ba ta jin daɗin rayuwa sai a zafin digiri 100, wato daidai inda ruwa yake tafasa. Ku sake ji, masu saurare, inda ruwa yake tafasa. Idan zafi ya yi ƙasa da digiri 70 sai ta daina hayayyafa, alhali kuwa a cikin tafasa takan ninka kanta cikin kimanin minti 37. Subhanallahi! Suka raɗa mata suna Pyrococcus furiosus, ma'ana dunƙulen wuta mai zafin nama.

Daga jikinta aka ciro, a shekarar 1991, wani enzayim mai suna Pfu, wanda ake amfani da shi wajen kwafe sinadarin gado na DNA a ɗakunan bincike. Falalarsa ita ce, bayan jure wuta, yana bitar abin da ya kwafa, in ya yi tuntuɓe da harafi ya koma ya gyara, tamkar gwanin marubuci wanda ba ya miƙa takarda sai ya duba ta. Ni dai wannan bita ta fi jure wutar ba ni mamaki.

Lokaci ya yi mana halinsa, ba mu kai ga halittun teku mai sanyi ba, waɗanda enzayim ɗinsu ke aiki ba tare da an ɗumama ruwa ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.