Allon alƙaluma: Yadda ake hana shi nuna labarin jiya

A ranar 22 ga Janairun 2020 ne Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta buɗe allon alƙaluman masu korona a intanet. Da farko da hannu ake shigar da alƙaluman, sau biyu a rana. Da cutar ta bazu, sai aka jona allon da shafin DXY na China, yana jawo sabbin alƙaluma duk minti 15.

Irin wannan aiki ne mahaɗar bayanai ke yi. Manhaja ce da ke tsakanin allo da rumbun bayanai, tana kai tambaya ta intanet, tana dawo da amsa.

A manhajar Power BI ta Microsoft, tsarin Import kwafo bayanai yake yi, kuma mai lasisin Pro sau takwas kawai zai tsara sabuntawa a rana. DirectQuery kuwa rumbun yake tambaya kai tsaye.

Sai dai idan masu kallo suka yi yawa, rumbun kan yi nauyi, aiki ya tsaya. Shi ya sa ƙwararru ke jona mahaɗar da kwafin rumbun, su ba ta izinin karantawa kaɗai.