Allah Ɗaya, Nufi Ɗaya



Wataƙila maƙwabcinka ya taɓa tambayarka a kasuwar Kafanchan, ko yaronka ya dawo daga makaranta ya ce, "Baba, wai alloli uku muke bauta wa?" Amsar ita ce a'a. Allah ɗaya ne, kamar yadda Maimaitawar Shari'a 6:4 ta koya mana. Cikin wannan Allah ɗaya akwai Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. In muka ce Ɗa, ba haihuwa irin ta miji da mata muke nufi ba. Muna nufin yana tare da Uba tun fil azal, ainihinsu ɗaya ne.

Wasu sukan ba da misalin murhu, duwatsu uku, tukunya ɗaya. Misalin yana da ɗan taimako, amma ya kasa, gama kowane dutse sashe ne kawai na murhun. Uba kuwa cikakken Allah ne, haka Ɗa, haka Ruhu Mai Tsarki.

Wannan koyarwa ba Turawan mishan ne suka ƙago ta ba. A shekara ta 325 shugabannin ikkilisiya suka taru a Nisiya, suka ƙi koyarwar Ariyus, wanda ya ce Ɗan halitta ne. Wanda ya sha kora da wahala domin tsare wannan gaskiya shi ne Atanasiyus na Iskandariya a Masar, ɗan Afirka kamar mu.

Yanzu mu duba aikin ceto. Da yawa cikinmu muna tsammani Uba mai fushi ne, Yesu ne yake ta ba shi haƙuri. Ba haka ba ne. Uba ne ya ƙaunaci duniya ya aiko da Ɗan (Yahaya 3:16). Ɗan ya ba da ransa da yardar kansa (Yahaya 10:18). Ruhu Mai Tsarki ya hatimce waɗanda suka ba da gaskiya (Afisawa 1:13). A Kogin Urdun, Yesu yana fitowa daga ruwa, Ruhu ya sauko masa, Uba ya yi magana daga sama. Babu kishi, babu neman suna. Nufinsu ɗaya ne, wato cetonka.

To, mu fa? A Yahaya 17 Yesu ya yi addu'a mu zama ɗaya kamar yadda shi da Uba suke, domin duniya ta gaskata. A aji ɗaya za ka sami Bajju, Atyap, Ham, Agworok da Fantswam. Tun 1932 da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, kakanninmu suka iya karanta Magana ɗaya tare. Amma in lokacin zaɓen dattawan ikkilisiya ya zo, sai mu fara tambaya, "Ɗan wane yare ne?" A gida ma, miji yana sayar da citta a ɓoye, mata tana ɓoye kuɗin adashi. Yaya yaranmu za su gane Allah mai nufi ɗaya?

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai wanda ka daina gaisarwa, je ka same shi kafin Lahadi.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana rarrabuwarmu, ka haɗa kanmu ta wurin Ruhunka, cikin sunan Yesu. Amin.