Hoton Ƙasarmu Ma Ajiya Ne

Jama'a, yawancinmu hoto iri biyu muka sani: na katin shaida da na biki. To, akwai na uku, wato hoton ƙasa. Mai ɗaukarsa gona yake nema, da dutse, da rafi, da hanyar da ke kai mutum gida.

Wannan aiki ne mai daraja. A 2015 Fati Abubakar ta fara ɗaukar hotunan garinsu Maiduguri. A lokacin, labarin yaƙi kawai duniya ke ji daga Borno. Ita kuwa sai ta nuna kasuwa da 'yan makaranta da masu sana'a. A 2023 Sani Maikatanga na Kano ya zo na ɗaya a gasar hotuna ta Wiki Loves Africa. Hoton ambaliyar ruwa a Auyo ta Jihar Jigawa ne ya ba shi nasara.

Mu ma muna da abin nunawa. A kusa da Funtua Kogin Sakkwato ya samo asali. Ga madatsar ruwa ta Mairuwa. Ga gonakin auduga da masara da dawa tun daga Funtua har Malumfashi.

Me ya sa za mu damu? Domin ƙasa tana sakewa. Ana sare kuka da ɗorawa. Gari yana cin gona. Rashin tsaro ya raba wasu mutanen Faskari da Sabuwa da ƙauyukansu. Yaron da aka haifa a gudun hijira, da me za a nuna masa gidan kakansa? Ɗan cin rani a Legas ma, hoton gonar gida yana rage masa kewa.

Wayar hannu mai kyamara ta isa wannan aiki. A ɗauki hoto da sassafe ko da la'asar, lokacin da haske ya yi taushi. A bar rana a bayan mai ɗauka. A ɗauki wuri guda sau biyu, da damina da kuma rani. In akwai mutum a wurin, a nemi izininsa. Sannan a wanke hoton, a rubuta sunan wuri da shekara a bayansa. Ga amfanin yaƙi da jahilci ke nan.

Waya tana ɓata, tana lalacewa. Don haka a adana hoton a akwati tare da takardun gona, jikoki su tarar.