Jita Mai Sunan Gwani: Ina Kwalliya Ta Tsaya, Ina Aiki Ya Fara?

'Yan uwana ɗalibai, musamman masu kaɗa jita a bikin yaye ɗalibai ko a coci ko a ɗakin kwana, akwai wata magana da nake yawan ji: wai idan ka sayi jita mai ɗauke da sunan wani shahararren makaɗi, sautinsa ka saya. Ni ɗalibin lantarki ne a shekarar ƙarshe ta difloma, kuma ina taɓa jita, don haka bari mu zauna mu warware zancen. Kuɗi ne fa a ciki, kuma ba kaɗan ba.

Jitar sa hannu ita ce wadda kamfani ya ƙera bisa yadda wani makaɗi yake son tasa, sannan ya sa mata sunansa. Les Paul ɗin da kowa ya sani, wadda Gibson ya fitar a 1952, sunan mutum ce. Shi kuwa Fender ya fara irin wannan a 1988 da jitocin Eric Clapton da Yngwie Malmsteen. Abin da ke bambanta su da sauran jitoci ƙananan abubuwa ne, kuma ni na kasa su gida uku.

Kashi na farko kwalliya ce zalla. Jitar Stevie Ray Vaughan da ta fito a 1992 tana da haruffan SRV a jikin farantin gaba, ƙarafunanta kuma ruwan zinariya ne. Kyau kam akwai, amma kunne ba ya jin launi. Har ta kai idan za a kwaikwayi tsohuwar jitar wani gwani, sai a kankare fenti da gangan. Da Fender ya sake ƙera Blackie, baƙar jitar Clapton wadda aka yi gwanjonta dala 959,500 a 2004, har ƙunar taba sigari da ke kan jitar sai da aka zana. Kun ji fa, ƙuna ake sayarwa!

Kashi na biyu shi ne abin da za ka ɗauka ado ne, alhali aiki yake yi. Lucille ta B.B. King ba ta da ramukan nan biyu da ake yanka wa irinta a gaba. Ba mantuwa aka yi ba. Jita mai rami a ciki takan yi kuwwa idan an ƙure lasifika, shi ya sa ya ce a rufe. A jitar Malmsteen kuma an kwarfe katakon da ke tsakanin firet da firet, wato ƙarafunan nan da ke jere a wuya. Yatsa ba ya taɓa katako, tsirkiya kawai yake dannawa, don haka lanƙwasa sauti ya fi sauƙi. Amma in hannunka na da nauyi, sautin zai haura inda ba ka nufa ba. Ita kuma ta Clapton, an cusa guntun katako a bayan jakin tsirkiya don kada ya motsa, sannan akwai wata 'yar da'irar lantarki mai batir na volt 9 da ke ƙara wa tsakiyar sauti ƙarfi har desibel 25. Wannan ba a gani da ido, amma shi ne ke cika kunne.

Misalin da ya fi burge ni shi ne Greeny, wata Les Paul ta 1959 da ta bi hannun Peter Green, ta koma wurin Gary Moore, yanzu tana wurin Kirk Hammett. Fikof ɗinta na wajen wuya, wato na'urar da ke ɗaukar girgizar tsirkiya ta mayar da ita lantarki, a juye yake. Mutane da yawa sukan juya nasu su jira mu'ujiza, shiru. Sirrin yana cikin maganaɗisun da ke ciki, wanda shi ma aka juya. Idan ka kunna fikof biyun tare, siginoninsu na saɓa wa juna, wani ɓangare ya soke wani, sai a sami siririn sauti kamar mai magana ta hanci. 'Yan ajinmu, ai wannan shi ne darasin saɓanin zango da muka yi a allo.

Haka jitar Jimi Hendrix. Shi bahago ne, sai ya riƙa kifa jitar 'yan dama ya sake jera tsirkiyoyi. Hakan ya sa karkatar fikof na wajen jaki ta juye: tsirkiyoyi masu kauri suka ƙara kaifi, sirara suka ɗan yi taushi. Shi ya sa a samfurin da ke ɗauke da sunansa ake karkata fikof ɗin ta ɗaya gefen.

Kashi na uku shi ne saiti, kuma nan ne talaka ke da rabo, don ba ya zuwa da suna. Vaughan ya shahara da tsirkiya mai kauri, lamba 13, yana kuma sassauta ɗaurinta da rabin mataki. Wannan ba sai ka sayi jitarsa ba. Tsayin tsirkiya daga firet ma abin gyarawa ne; ma'aunin Fender kusan milimita 1.6 ne a firet na 17. Sai daidaiton sauti: kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danna ta a firet na 12. In na biyun ya haura, ja mazaunin tsirkiyar baya. In ya gaza, matso da shi gaba. Sukundireba da haƙuri kawai ake buƙata.

A nan kuma yanayinmu ya shigo. Jitar da aka saita a Amurka ba ta san hunturu ba. Iska ta bushe, katako ya tsuke, bakin firet ya fara kartar hannu, wuya ya canza lanƙwasa, tsirkiya ta fara zuzu. Damina ta zo, komai ya sake. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuya da ake juyawa don gyara wannan, amma kwata ɗaya na zagaye ya isa a lokaci guda, sannan a jira a gani. In ta yi tauri, kar ka tilasta mata, kai wa wanda ya iya.

To, in ka je sayen ta hannu, ka tuna kwalliya ita ce mafi sauƙin kwaikwaya. Masu jabu sun iya buga suna da sa hannu, amma ba kasafai suke wahalar da kansu da abin da ke ɓoye ba. An ce maka ta Clapton ce? Nemi wurin batir, duba katakon bayan jaki. An ce Lucille ce, ga ramuka a gaba? Ka san inda aka dosa.

Ban ce jitar sa hannu yaudara ce ba. In siffar wuyanta ta zauna maka a hannu, kuma aljihu ya yarda, bismilla. Amma kafin ka taɓa kuɗin makaranta ko na aikin kammalawa, fara da sabuwar tsirkiya da saiti mai kyau a kan wadda kake da ita. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau kuma ga shi yana zaga duniya.