Hanyar Jakadanci Daga Wudil

Duk wanda ya tsaya a karar Wudil ranar Juma'a, ya ga yadda fatake ke kwararowa da shanu daga Nijar da Chadi, dillali yana sulhunta mai saye da mai sayarwa alhali wani lokaci ko harshe bai haɗa su ba, to lalle ya san mutanen garin nan ba baƙi ba ne ga mu'amala da al'ummai. Amma abin takaici, kaɗan ne cikin samarinmu ke ɗaukar aikin hulɗa da ƙasashen waje a matsayin aikin da ɗan talaka zai iya nema.

Wannan zato na cewa aikin 'ya'yan manya ne yana da asali. Lokacin da aka aza harsashin aikin jakadancin Nijeriya a 1957, an zaɓi mutum goma sha biyu domin a horar da su kafin samun mulkin kai, har da Aminu Sanusi, ɗan Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, wanda daga baya ya yi jakada a ƙasar Sin kuma ya zama babban sakataren Ma'aikatar Harkokin Waje. Haka Alhaji Ado Bayero yana jakada a Senegal aka kira shi gida a 1963 ya hau gadon sarauta. Sai dai Ɗan Masanin Kano, Yusuf Maitama Sule, wanda ya wakilci ƙasar nan a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1981 har ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata, daga malanta ya faro, ilimi da fasahar harshe suka kai shi.

Jakadu iri biyu ne: akwai wanda shugaban ƙasa ya ɗauko daga siyasa, akwai kuma wanda ya taso cikin aikin tun daga ƙasa, kuma hanyar na biyun ce ta fi dacewa a bayyana wa matasa. Bayan digiri da hidimar ƙasa, Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya ce ke tantance mutum. Idan ya dace, sai ya shiga Ma'aikatar Harkokin Waje a mataki na 8, a koya masa ladubban aiki da rubutun wasiƙun hukuma a makarantar horon jakadu, sa'an nan ya riƙa hawa daga sakatare na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya, yana 'yan shekaru a Abuja 'yan shekaru a waje, har Allah ya nufe shi da jakadanci, idan Majalisar Dattawa ta amince. Aiki ne na haƙuri da riƙon amana da kame baki, galibinsa kuwa hidimar bayin Allah ne: sabunta fasfo, ziyartar ɗan ƙasa da ke tsare, mayar da gawa gida.

A nan nake ganin muna zubar da dukiya. Yaron da ya sha nahawu da balaga a zauren malaminsa yana riƙe da Larabci, ɗaya daga harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, abin da ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda ke buƙata kowace shekara saboda alhazai. Idan ya ƙara da Faransanci, harshen da ake aiki da shi a Yamai da Injamena, ya wuce tsara.

Akwai kuma ƙofa a cikin garin kansa, domin hafsoshin da Makarantar Horon 'Yan Sanda ta Wudil ke yayewa suna shiga rundunar da ta fara aikin wanzar da zaman lafiya a Kwango tun 1960. Malamai da likitoci da injiniyoyi su ma suna da tasu: shirin tallafin ƙwararru da aka kafa a 1987 yana tura su ƙasashen Afirka da tsibiran Karibiyan na tsawon shekara biyu.